Taken Sarkin Noma Hashim

…kuma ai su suka neme shi. Wannan fa a riƙe. Ba Yari ne ya je ƙofar gidan rediyo yana 'yar murya ba — mota suka aiko har Sarandosa, da direba, da komai. Da tsohuwar zuma ake magani. Shekara nawa suna buɗe tasha da gangarsa ta noma, tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato? Kwatsam suka ɗauke. Wai birni ya canza, wai samari sun murɗa rediyonsu zuwa wata tasha, don haka sai hip-hop, safe da yamma, wani dum-dum kamar mace na dakan gero cikin fushi, yaro na zuba zance a kai ba numfashi… To ga shi nan. Sun zaga, sun zaga, sun dawo wurin mai ganga.

Motar Maiyama ta ƙi cika. A hanyarsa ta komawa gida, yana zaune kan benci a tashar Jega, ganga cikin buhu jingine da ƙafarsa, warin albasar Aliero na tasowa daga wata babbar mota da ake lodi. Ya so a ce a gida zai ji shirin — ya gaya wa kowa, yau, bayan la'asar. Maigari ya ce zai fito da babbar rediyonsa ƙofar gida. Ba komai. Ga ta mai gyaran rediyo nan a rataye, tana kururuwa. Jega ma su ji. Har Waliyyu sai da ya sayi sabon batir…

Waliyyu. Ɗan Hashim. Sarkin Noma Hashim, aminin Yari, wanda in ya sunkuya kan garma sai dai a tarbe shi a ɗaya bakin gonar. Takensa Yari ya tsara da hannunsa, kuma tun ranar da aka rufe shi bara waccan, gular gangarsa ba ta sake faɗin taken nan a gaban jama'a ba. Yaron ya zo, ya durƙusa, wai Baba a kaɗa mini na tsohona. Take riga ce da za a raba cikin kayan gado? Ka jira gayyar daminar bana, ka fidda kunyarka ta noma kafin ta kowa, in kaɗa maka shi gari na kallo. Yaron bai yi musu ba. Kullum yana gona, yana cin ƙasa, tafin hannunsa ya koma kamar ƙirgi. Uwar kuwa, Rabi, cewa ta yi kar a bari ta ji shi sai ranar. Ranar in ta yi kuka, na daɗi ne. Taken na nan a ajiye, a hannun Yari. Wa zai taɓa?

Ɗakin nan mai sanyi na gidan rediyo — gilashi, wayoyi, ƙofa mai nauyi. Haidar, mai kula da kiɗa a tashar, yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe shi. Ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, suna son haɗa ganga da sabon salo. Gaskiya ya faɗa. Yari ba ya cikin tsofaffin da ke faɗa da zamani. Me yaran nan ke yi da bai sani ba? Jera magana kan kiɗa? Ai kirari ne aka sa wa wando mai faɗi.

"Baba, taɓa kaɗan mu jiya ko na'ura na ɗauka."

Ya taɓa. Hannu ne kawai ya tafi inda ya saba — hannu ba ya shawara. Ɗan guntu, bai kai shan ruwa ba. Haidar ya ɗago kai, idonsa na walƙiya.

"Wanga fa?"

"Wanga ba na rediyo ba na."

"Gwaji na, Baba."

Gwaji. Shi ke nan. Sannan aka shiga aikin gaske, ya kaɗa har zufa ta keto masa cikin sanyin nan, ya kira manoman Danwarai, ya kira na Jiga Makera, ya sauko Sarandosa gida-gida bai bar kowa ba. Wannan za su sa. Me za su yi da guntun gwaji ga tuwo cike da akushi?

An sallame la'asar. Mai gabatarwa na ihu kamar an taka shi — sabuwa fil, ba a taɓa ji ba, ku matso kusa. Yari na gyara zaman hula. Bari su ji yadda ake…

Gangarsa ce. Ko cikin barci ya san muryarta. Amma wannan — a'a. Wannan share fage ne, yanzu za su wuce. Ga ƙarshensa nan, inda gula ke sauka sau biyu. Za su wuce…

Ya dawo. Daga farko. Daidai kamar ɗazu, har da ɗan karkarwar fata. Ya sake dawowa. Shi fa sau ɗaya ya kaɗa! Wane hannu ne wannan da ba ya gajiya? Ga dum-dum ya shigo ƙarƙashi, ga wani yaro ya hau kai, yana zancen wata yarinya da ta ƙi hawa babur ɗinsa. A kan taken Hashim. Babur.

'Yan kabu-kabu na gyaɗa kai. Wani ɗan kamasho ya bar lodi yana taka ƙafa, yana cewa aradu kiɗan ga ya yi. Ya yi mana. Wa ya kaɗa? Abin haushi, daɗi ya fara ratsa Yari kafin kunya ta cim masa — hannun nan har yau ba na biyunsa, Jega duka na rawa…

Ƙofar gidan Maigari. Tabarmi. Shi ya tara su da bakinsa. Rabi na bayan zana tana jin komai. Waliyyu da sabon batir… Wanda aka kaɗa wa taken gidansu ba ya zama. Tashi yake, ya ɗaga garma, ya yi kirari, sannan makaɗi ya sauke hannu. Haka aka gada. To ya tashi ne? Ya yi wa akwatin rediyo kirari, yara na dariya? Ko ya zauna, gari na kallonsa zaune, ana kiran ubansa? Kuma gobe za su sa. Jibi ma. Kafin ruwa ya sauka kowane yaro ya iya shi da gwangwani. Ranar gayya, in Waliyyu ya fidda kunyarsa, ya miƙe, ya juyo yana neman Yari da ido — me zai kaɗa masa? Waƙar mai babur?

Zai koma birni. Zai ce su cire. Haidar yaro ne mai ladabi, zai durƙusa, zai ce… zai ce an riga an ji, Baba.

Tafin hannunsa na cikin buhu, bai san lokacin da ya shiga ba, yana danne fatar ganga yadda ake yi in ana son ta yi shiru. Fatar ko motsi ba ta yi. Taken na ci gaba.

"Maiyama, mutum guda! Baba, kai aka jira."

Maiyama… daga nan Sarandosa, a bayan babur, kuma hanyar gidansa ta ƙofar Rabi ta bi.