Tubali Ja, Tubali Kore

Reijo ya tura ƙofar shingen makarantar renon yara da ƙafa, safar hannun jikansa a aljihu. Yaron ya manta ta a mota da safe, ga sanyi ya kai sha takwas ƙasa da sifili.

Filin ya cika da ihu. Tun makon jiya malamai suka zuba ruwa mai launi a kwalayen madara, suka jera su a waje suka daskare. Yau an yage kwalayen, an watsa tubalan cikin dusar ƙanƙara. Malama ta kira launi, yara su ruga su nemo, a ɗora a kan ganuwar da suke ginawa.

Aatos, jikan nasa, ba ya cikinsu. Yana kan benci shi kaɗai, hannuwa a hammata, majina ta bushe a leɓensa.

"Wa ya zaunar da kai nan?"

"Sirpa."

Reijo ya saka masa safar, ya nufi malamar. Doguwa ce, da usur a wuya.

"Yaro ɗan shekara biyar a kan benci cikin wannan sanyin? Ko karena ba na bari ya zauna wuri ɗaya."

"Minti biyar ne kawai, Reijo."

"Ki zauna ke ma minti biyar mu gani."

Sirpa ta ja numfashi. "Sau huɗu ina cewa ja, sau uku yana kawo mini kore. Shuɗi da rawaya bai taɓa kuskurewa ba. Wato ya sani. So yake a yi dariya, kuma ana yi. Jiya ma haka. Na riga na rubuta a takardarsa cewa yana da taurin kai."

"Takardar da za ta bi shi makarantar gaba?"

"Ita."

"Saboda ƙanƙarar kwalin madara?"

"Saboda ba ya jin magana. In kana ganin ban iya aikina ba, ga fili. Nuna masa ja da kanka."

Yaran sun daina gudu. Goma sha biyar, cikin riguna masu kauri, sun zuba masa ido.

Reijo ya dubi ƙasa. Shuɗi ya gani sarai, rawaya ma haka. Sauran duk ɗaya ne, launin ruwan kududdufi, wasu sun ɗan fi wasu duhu.

Yana ɗan shekara sha tara likitan soja ya buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige, ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Shi bai ga wata lamba ba. Likitan ya yi rubutu, Reijo ya fito bai gaya wa kowa ba. Shekara arba'in da uku, duk lokacin kaka, shi da matarsa Helvi suna shiga daji tsinkar jajayen 'ya'yan itacen da ke ɓoye cikin ganye. Ita ta cika bokiti biyu, shi ko gindin nasa bai rufe ba. Malalaci take ce masa, a gaban baƙi ma. Ya gwammace wannan sunan.

Ya san dabara. Wata yarinya tana rungume da tubalin da ta samo a kiran ƙarshe, na ja; zai iya neman mai duhunsa daidai. Da irin wannan ya rayu. In ya yi haka, ya tsira, takardar kuma ta zauna yadda take.

Ya kau da kai daga yarinyar. Ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗauki wanda idonsa ya ba shi, ya ɗaga sama.

"Kore ne!" in ji yarinyar. "Kakan Aatos ma bai sani ba!"

Dariya ta ɓarke. Wani har da faɗuwa da baya cikin dusar ƙanƙara.

Aatos ya sauko daga benci ba tare da an ba shi izini ba. Ya zo ya leƙa tubalin, ya taɓa shi da safa.

"Ja ne, Kaka."

"Ni ma haka na gani."

Reijo ya juya ga Sirpa. "To, ina bencin? Akwai wurin mutum biyu?"

Ta dubi tsohon, ta dubi yaron, ta saki usur ɗin.

"Uwarsa 'yarka ce," ta ce a hankali.

"'Yata ce."

"Rashin bambance launi ta wajen uwa yake bi. An koya mana wannan. Ni ce ban... Zan kira ta yau. Akwai gwajin ido a asibitin yara."

"Ki fara da takardar."

"Zan goge."

"Yau."

"Yau, Reijo." Ta durƙusa a gaban yaron. "Aatos, ka yi haƙuri. Nemo mini shuɗi guda biyu, manya."

Yaron ya sheƙa a guje.

Sirpa ta miƙe, ta kasa haɗa ido da tsohon. Wataƙila fuskarta ta yi ja don kunya. Reijo ya ƙura mata ido sosai, amma ba shi da hanyar sani.