Motar da Ta Durƙusa wa Inna Saude

"Baba, don Inna ta yi ƙiba ne motarka ta durƙusa?"

Nusaiba ce, 'yata mai shekara biyar, ta jefa tambayar a tsakar gidan maƙwabtanmu, ga Inna Saude zaune a kan tabarma tana ji. Na kai hannu zan toshe mata baki, amma mijin Inna, Baba Maikano, ya riga ya turo kai daga ƙarƙashin motar, baƙin mai har a gemu, yana dariya har da tari.

"Ke uwar surutu, ba ƙiba ba ce, ladabi ne. Gaisuwa nake koya mata."

Inna ta ce, "Ƙyale ta, Fiddausi, ai ba ƙarya ta yi ba. Zo nan in ja kunnen."

Motar tsohuwar wagon ce, irin wadda tayoyinta huɗu duk suke ja. Baba bakanike ne tun ban zo duniya ba, kuma shi da kansa ya ƙara mata tsayi shekarun baya saboda hanyarmu. Daga ƙauyenmu zuwa titin Burumburum burji ne. Da damina taraktoci sukan ƙwaƙule gefe da gefe, tsakiya ta yi tozo, kowace mota ta haƙura ban da wannan. A cikinta aka kai ni asibitin Tudun Wada ranar da zan haifi Nusaiba, ina salati, Baba yana cewa in riƙe kujera da kyau.

Sai gwiwoyin Inna suka ƙi. Duk Juma'ar da zai kai ta gidan ƙanwarta sai mata biyu sun ɗaga ta, ɗaya a hammata, ɗaya ta baya. Ni ce ta bayan. Wata rana zaninta ya zame a gaban baƙi, ta dawo ta ce ita da fita har abada. Washegari Baba ya ɗora motar a kan jak.

Ya cire dogayen sifirin ya sa gajeru, ya canja shokazoba, ya sauke manyan tayoyin ya ɗaura ƙananan wili da ya samo a Kano. Kwana huɗu yana abu ɗaya. Sai ya sa Inna ta tsaya, ya auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarta da karan dawa, ya kai karan jikin kujerar baya, ya girgiza kai, ya sake komawa ƙarƙashi.

Ni dai ban iya ganin abu in yi shiru ba.

"Baba, damina fa? In wata ta tashi haihuwa, da me za a fita da ita?"

"Damina wata huɗu ce, 'yar nan, gwiwar Saude kuwa shekara ce cur. Da hadari ya fara haɗuwa zan mayar da dogayen. Aikin yini guda ne."

Ranar da aka gama, Inna ta dogara sandarta ta iso, ta juya baya, ta zauna kamar a bakin gado, ta ja ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ta.

"To Malam, ja mu je mana. Me kake kallo?"

Shi kuwa yana tsaye yana ta goge hannu da tsumma, alhali hannun ya daɗe da fita.

Daga nan ba Juma'a kaɗai ba, har Talata, har Alhamis. Dubiya, barka, kasuwar Tudun Wada, duk inda ta shekara biyu ba ta taka ba sai da ta je. Da hadari ya fara haɗuwa na tuna masa, har sau biyu.

"Bari ta je sunan jikar ƙanwarta ran Juma'a. Asabar sai in yi."

Laraba da Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Juma'a da hantsi Inna ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Na tarar da Baba zaune a ƙasa dafe da ƙirji, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf. Na miƙa wa surukata Nusaiba, mijina Kamilu ya karɓi makulli. Aka kwantar da Baba a baya, Inna ta ɗora kansa a cinyarta, ni na shiga gaba.

Mun wuce gonakin shinkafa kaɗan sai muka ji ƙara daga ƙasa, motar ta tsaya cak. Cikinta ya hau tozon hanya. Kamilu ya ba ta wuta, tayoyin huɗu suna juyawa suna feshin laka, ko motsi ba ta yi ba. Masu noma suka yar da aikinsu suka rugo da fartanya, suka hau tono. Wani ya ruga neman babur.

"Kamilu," muryar Baba da ƙyar take fita, "daina ba ta wuta, za ka ƙona kuloci. Ku cusa duwatsu ƙarƙashin tayoyin baya."

Kamilu ya leƙa ta taga ya faɗa musu. Na juya ina yi wa Baba fifita da gefen mayafina. Hawayen Inna suna ɗiga a kan hularsa.

"Ni na ja maka, Malam. Da ka bar ni a ɗakina."

"Saude, wa ya ɗaga ki ɗazu?"

"Ba kowa."

"To." Ya lumshe ido. "Awon ya yi daidai ke nan."

Ta sunkuya tana yi masa kalmar shahada a kunne, leɓensa yana bin ta. A waje maza suna ta kiran a tura, a ƙara turawa. Motar ta yi girgiza, ta kankare ƙasa, ta sauka daga tozon.

Kamilu ya waiwayo, fuskarsa duk laka. "Mun fita, Baba, mun fita!"

Inna ta ja hular ta rufe masa fuska.

"Juya mu gida, ɗan nan. A hankali."

Yau kwana goma sha biyu. Inna tana takaba, motar tana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ta hana a wanke lakar. Bayan la'asar takan je ta buɗe ƙofar baya ta zauna, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa, tana jan carbi har inuwa ta kai katanga.

Na ji masu gaisuwa suna raɗa a zaure, wai da motar tana da tsayinta na da, da an kai shi. Allah ne masani. Amma kai da kake karanta wannan, in hanya ta biyo da kai gidan, ka yi ta'aziyyarka, ka yi addu'a, ka sha ruwa ka tashi. Kada ka dubi motar nan ka ce mata "da". Ina zaune a bakin ƙofa, kuma ina ji.