Fuskar da Waya Ta Ƙi

"Buɗe baki," in ji Wanzam. "Kuma kada ka haɗiye, auduga ce ba abinci ba."

Baba Birki ya buɗe baki. Wanzam ya cusa masa dunƙulen auduga a kuncin dama, ya cusa wani a na hagu, sannan ya ja da baya yana kallonsa ta madubin shago. Ya riga ya rage masa gemu, ya shafa wa gashin baki baƙin rini, ya gyara masa zaman hula daidai yadda take a tsohon hotonsa na cikin waya. Duk da haka idanun sun zurma, wuyan riga kuma yana lilo kamar na aro.

"To Yaya, ɗaga wayar mu gani."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, shagon askin kuma a bakin ƙofar Wanzam yake. Tun kafin a zuba wa layin kwalta Baba Birki yake tuƙa tasi. Sunan ma a titi ya samo shi, don bai iya wuce mutum tsaye a gefen hanya ba sai ya taka birki, ko da mutumin iska yake sha. Sai hukuma ta ce motocin haya ne ke cunkushe gari, ta hana ɗaukar fasinja a bakin titi. Duk mai son yin haya sai ya shiga ƙarƙashin kamfanin da ke haɗa direba da fasinja ta waya. Baba Birki ya yi mitarsa ya gaji, ya je ya shiga. Ranar suka ɗauki hotonsa, lokacin yana da kumatu da tumbi, yana cika kujerar direba har ya taɓo ta fasinja.

Ƙa'idar kamfanin ita ce kullum da safe, kafin a ba ka aiki, sai ka sa fuskarka cikin wani da'ira a wayar ta tabbatar kai ne. Abin bai taɓa damunsa ba, sai da ciwon ciki ya kama shi ya fara cinye shi a tsaye. Wata safiya wayar ta dube shi ta ce ba ta san shi ba.

Yanzu ya ɗaga ta daidai fuskarsa. Ta ce ya ƙifta ido, ya ƙifta. Ta ce ya juya hagu, ya juya. Da'irar ta yi ta zagaye, Wanzam ya riƙe numfashi, sannan ta koma ja.

Baba Birki ya tofar da audugar a tafin hannunsa. "Wanzam, aikinka bai ci ba. Dama ni na san ko aski ba ka iya ba."

"Kai da ka shekara talatin kana kawo mini wannan ƙeyar taka?"

Suka yi dariya, amma ta Wanzam iyakarta baki. Kunya ce ta rufe shi, ganin ya mai da dattijo abin wasa da auduga da rini.

Wani ma'aikacin banki da ke jiran aski a benci ya gyara murya. "Baba, ka yi haƙuri, amma su ma suna da hujja. In babu wannan binciken, kowane ɓarawo sai ya karɓi wayar wani ya je ya ɗauki 'yar mutane."

"Ni ban ce ba su da hujja ba, ɗana. Cewa na yi a sa mutum ya dube ni."

"Mutum albashi yake ci, na'ura kuwa ba ta ci. Kuma direbobi sun yi musu yawa. In ɗaya ya faɗi, wasu na nan a layi suna jira."

"Gaskiya ka faɗa," in ji Baba Birki a hankali. "Da can in na yi rashin lafiya, 'yan tasha ne ke zuwa duba ni. Yanzu tashar ma an mai da ita wurin ajiye motocin masu kuɗi."

Washegari Wanzam ya rufe shago ya raka shi ofishin kamfanin. Ɗaki ɗaya ne a saman bene, da mai gadi, da kujerun roba, da wata budurwa a bayan kwamfuta. Kafin su kai sama sai da Baba Birki ya zauna a matakala ya huta. Budurwar ta saurare su da ladabi, ta dubi hoton, ta dube shi, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ni na ga kai ne. Amma ba ni da ikon canza hoto. Sai ka shigar da ƙorafi ta cikin manhajar."

"'Yata, manhajar ce ta ƙi buɗewa."

"Na sani."

"To ta ina zan shiga?"

Ta sake duba kwamfutarta. Can ta ce za ta tura maganar daga wajenta zuwa babban ofis, su je su jira. Ta rako su har bakin matakala, ta riƙe wa Baba Birki hannu a hawa na farko. Wanzam ya so ya samu wanda zai zaga ko ya ji sanyi a ransa, amma duk ginin babu wanda ya cancanci zagi.

Suka jira. Motar tana nan ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. In ya kuskura ya ɗauki fasinja a titi, jami'an hanya za su kwace ta, ita ce kuwa kaɗai abin da ya mallaka. Kullum da safe sai ya fito da bokiti ya wanke ta, ya zauna a kujerar direba ya ɗaga waya, ta yi ja, ya koma ciki. Babu aiki, maganin asibiti ya yanke. Matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, aka sayi na ɗan lokaci, shi ma ya ƙare. Wanzam yana tura abin da ya samu ta hannun tasa matar, don ya san in ya miƙa da kansa ba za a karɓa ba.

"Yaya, ka kira yaron nan mana," ya ce masa wata rana. Ɗan Baba Birki ɗaya ne namiji, yana aikin gini a wani gari mai nisa, ya daɗe bai zo ba.

"Yana da nasa iyalin. In waya ta buɗe, sati ɗaya ya ishe ni in miƙe."

Daga baya bokitin ma ya gagare shi ɗauka. Wanzam ya koma shiga har ɗaka yana yi masa aski a kan gado. Ɗakin yana warin man zafi, makullin mota na rataye a ƙusa kusa da taga, wayar kuma tana kan matashi, kullum a cike da caji, don matar ba ta yarda ta mutu ba. Reza ba ta samun inda za ta zauna a fuskar, duk ƙashi ne.

"Wanzam," ya ce, muryar can ƙasa. "Tsakaninka da Allah, kai kana gane ni?"

"Haba Yaya. Ko ƙeyarka na hango a kasuwa na san kai ne."

"To alhamdulillahi. Na ɗauka ko na ɓace ne ban sani ba."

Wanzam ya juya yana wanke reza a kofi, ya daɗe yana wanke ta, don kada a ga idonsa.

Da hantsi Baba Birki ya rasu, ranar wata Talata. Wanzam yana share gaban shago ya ji salatin matar ta kan katanga, ya jingine tsintsiya ya shiga. Mutane sun taru a jana'iza fiye da yadda ya zata, har da tsofaffin direbobin da suka koma gadi da dako. Ɗan bai iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta.

Da zaman gaisuwa ya lafa, ɗan ya shigo shago da safe riƙe da wayar. Ƙato ne, mai kumatu, kafaɗarsa ta kusa cika ƙofa. Sai a lokacin Wanzam ya dube shi da kyau, ya ga fuskar ubansa sak, kamar a tsohon hoton nan.

"Kawu, Inna ta ce kai ka san kan abin nan. Ina so in rufe shi ne, kullum sai ya yi ƙara. Ina ake dannawa?"

Ya ɗaga wayar daidai fuskarsa yana neman wurin dannawa. Da'irar ta fito. Ya ƙifta ido don hasken ya shige masa, ya juyo wajen Wanzam zai sake tambaya. Da'irar ta zagaya sau ɗaya, ta koma kore.

Wayar ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi, wanda layin ya daɗe bai ji ba. Rubutu ya fito yana yi wa direba barka da dawowa. Nan take ta fara ƙara, wai akwai fasinja kusa yana jira.

"Kawu, me na taɓa?"

Wanzam ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar ya ajiye a kan benci, kusa da kwalbar rini da ragowar audugar da bai zubar ba.

Matar ta ji kiɗan daga cikin gida. Ta fito da sauri ba takalmi, mayafi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon motar. Ganye ya rufe gilashin gaba, tayar baya ɗaya ta sace. Wayar ta ci gaba da ƙara a kan benci, babu wanda ya taɓa ta, har ta yi shiru.