Jakin Sabo a Sama

Amalanken na tsakiyar hawan gangaren da ke bayan Tsanyawa buhunan taki suka zame baya gaba ɗaya. Kafin Malam Hadi ya ce wani abu, gindin amalanke ya daki ƙasa, sandunan gaba suka ɗaga sama, jaki ya bi su yana wutsil-wutsil da ƙafafu.

Jakin na aro ne. Na maƙwabcinsa Sabo ne, kuma bana Sabo ba shi da wata dabba da ta rage sai shi. Ga igiya ta zame ta shaƙe masa wuya, har idanunsa sun firfito.

Shekara goma sha ɗaya Malam Hadi yana koyar da kimiyyar ƙarfi da motsi a sakandare. Tsadar takin zamani ce ta mai da shi ɗan dakon takin gida ranar Asabar. Irin wannan lissafin kuwa ko daga barci aka tashe shi zai yi. Nan take ya auna da ido: buhu huɗu a bayan taya, sanda ta yi kamu uku a gaba. Mutum mai kilo saba'in ya rataya a can ƙarshe, ai magana ta ƙare.

Ya yi tsalle ya cafke bakin sandar. Ta ɗan sunkuyo, ta tsaya. Sai ga malami da jaki suna reto tare kamar shanya.

"Ikon Allah! Malam, kai ma hawa ka yi?"

Inna Larai ce, mai ƙosan bakin tasha, ta fito daga gona da damin kara a ka.

"Inna, taimaka! Zai mutu!"

Ta yar da karan, ta kama ɗaya sandar ta saki jiki. Amalanke ya yi ƙara, ya dawo a hankali, kofatan jaki suka taɓa ƙasa. Malam Hadi ya kwance igiyar. Jakin ya yi tari, ya shaƙi iska, sannan ya kai baki kan karan Inna kamar ba shi aka rataye ba.

Suka ja buhunan gaba, suka ɗaure. Shi dai Malam bai daina kallon sandar ba, abin ya tsaya masa a rai.

"Lissafina daidai ne, Inna. Wallahi nauyina kaɗai ya isa."

Ta dube shi tun daga wuya har zuwa wandon da ya naɗe da igiya a ƙugu.

"Nauyinka na yaushe, ɗan nan? Na kafin a fara cin tuwo sau ɗaya a gidanku?"

Kunya ta kama shi, da wani tsoro da bai san yana tare da shi ba. Ya ɗauki damin karan zai ɗora mata, ya ɗaga shi iya gwiwa ya tsaya yana haki.

"Bari," in ji ta. "Sa a amalanke. A gaba."