Shafin da Ya Ƙi Buɗewa Ranar Tafiyar Ketura

Tun da safe Ketura ta gama sallama da kowa a ofishin safiyo da ke Moduganari, inda ta yi shekaru tana kula da kwamfutocinsu. An yi wa mijinta Othniel canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a Biu, yanzu haka ma yana tashar mota da kayansu yana jiranta. Abin da ya rage mata kawai shi ne ta nuna wa Tahir, wanda zai karɓi aikinta, yadda ake duba tashar da ke kan rufin.

Tashar eriya ce fara mai kama da faifai, tana sauraron taurarin ɗan'adam dare da rana, tana aika wa masu awon fili gyaran lissafi don kada iyakar wani ta shiga ta wani. Manhajar da ke lura da ita tana zaune cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin babbar kwamfutar ofis, kuma ta shafin intanet ake leƙa ta.

"Ya Tahir, rubuta adireshin nan, ka ga yadda taurarin suke fitowa," in ji ta, jaka rataye a kafaɗa.

Tahir ya girme ta nesa ba kusa ba, rabin rayuwarsa a daji ya yi yana awo kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Ya rubuta a hankali da yatsa ɗaya. Shafin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, daga ƙarshe ya ce ba a samu wurin ba.

"Sake gwadawa."

Ya sake. Haka dai.

Ketura ta ajiye jakar a ƙasa. Ta gwada a wayarta, shiru. Ta wuce ɗan ɗakin da babbar kwamfutar take, ta duba. Kwantenar tana aiki, bayanai na ta zubowa layi bayan layi, taurarin duk suna nan. Ta buɗe shafin a kan babbar kwamfutar kanta, sai ga shi ya buɗe tas. Ta leƙo ta ce Tahir ya sake gwadawa daga teburinsa. Bai buɗe ba.

Wayarta ta yi ƙara. Othniel ne.

"Kina ina? Motar ta kusa cika, direba ya ce ba zai kai azahar a garin nan ba."

"Ga ni nan zuwa."

"Kin fito?"

"Na ce ga ni nan."

Ta kashe kwantenar ta kunna. Ta duba ƙofar da shafin ke fita ta ciki, a buɗe take. Ta duba katangar tsaron kwamfutar, babu abin da ya canza. Ta zare wayar intanet ta hura bakinta ta mayar, alhali ta san ba nan matsalar take ba. Gumi ya jiƙa mata bayan riga. Ta zauna, ta miƙe, ta je taga ta dawo.

Tahir ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. "Ketura, ki tafi. Kada mota ta bar ku saboda mu."

"In na tafi wa zai gyara? Gobe su Mu'mina, masu awonmu, za su fita awo a Dala. In tashar ta tsaya, ta yaya za ka sani?"

"Allah zai kawo mafita."

"Amin. Amma jiya da yamma yana buɗewa. Me ya faru tsakanin jiya da yau?"

Tahir ya shafa gemu. Ya ce an ɗauke wuta, sola ta karɓa kamar kullum. An share ofis. Sai kuma ya ce, "Af, bayan kin tashi Oga Madu ya kawo sabuwar na'urar intanet, wai tsohuwar tana yawan yankewa. Ni na riƙe masa tsani ma."

Ketura ta ɗaga kai. Can saman kabad ga wata baƙar na'ura tana ƙyafta koren haske. Ta zari kwamfutar Tahir ta duba adireshin da sabuwar na'urar ta ba ta, ta koma ta duba adireshin da kwantenar ke amfani da shi a can cikinta. Lambobin farko iri ɗaya ne sak.

"Ka gani? Tambayar da kwamfutarka ke aikawa tana isa. Amma in babbar kwamfutar za ta mayar maka da amsa, sai ta ɗauka kai ma a cikin kwantenar kake, sai ta tura amsar can ciki. Ba ta taɓa fitowa."

Wayar ta sake ƙara. Ba ta ɗauka ba. Ta ja kujera za ta zauna, sai ta fasa, ta tura wa Tahir.

"Kai za ka yi, Ya Tahir. Ni daga yau ba na nan."

"Da wannan yatsan nawa? Sai la'asar."

"Zauna mana, don Allah."

Ta tsaya a kansa tana faɗa masa fayil ɗin da zai buɗe da sababbin lambobin da zai ba kwantenar. Ya yi kuskure, ya goge, ya sake. Hannunta har ƙaiƙayi yake ta karɓe, ta dunƙule shi a bayanta. Da ya gama ta sa shi ya tayar da komai daga farko. Allon ya yi baƙi, rubutu ya fara gudu.

Saƙon Othniel ya shigo: direba ya ce zai sayar da kujerarta.

Ba ta jira ta ga ƙarshe ba. Ta suri jaka, ta ce, "In ya gama tashi ka gwada, ka kira ni," ta fita da gudu ta tari keke.

Kusa da Kasuwar Litinin suka tarar da cunkoso, wata babbar mota tana sauke buhunan gero a tsakiyar hanya. Ketura ta yi ta buga ƙafa, tana duba waya, tana leƙa gaba. Mai keken ya kutsa ta wani lungu, suka ɓullo ta bayan shagunan atamfa.

Ta isa tasha motar tana kunne. Direba ya yi ta faɗa da Kanuri, Othniel ya matsa mata wuri a kujerar baya kusa da kwalin busasshen kifi. Sun wuce shingen farko na bakin gari sannan Tahir ya kira.

"Ya buɗe! Ga su nan kore-kore. Amma akwai guda biyu ja a gefe, na ɓata wani abu ne?"

"A'a, waɗannan sun yi ƙasa ne, sun kusa faɗuwa. Wasu za su fito."

"To madalla. Allah ya kiyaye hanya. Ki gaida Malam Othniel."

Ta kashe wayar. Othniel ya miƙo mata ledar ruwan sanyi ba tare da ya kalle ta ba. Ta sha rabi, sannan ta tuna ba ta nuna wa Tahir yadda ake kwashe tsofaffin bayanai in kwamfutar ta cika ba. Ta sake ciro wayar ta fara rubuta masa, kafin sabis ya ɗauke.