Dutsen Gidan Kansila

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Nu'uman ya zama kansila a Ƙofar Guga, kuma daga ranar ya sauya kakanni. Duk inda ya zauna sai ya ce shi jikan malamai ne. Gwaggonsa Delu tana ji, tana haɗiye takaici, don ubanta, wanda shi ne kakan Nu'uman, maƙeri ne mai narkar da tama, bai taɓa jin kunyar baƙin hannunsa ba.

Ana haka Iro, tsohon soja da ya dawo daga Laberiya da na'urar gano ƙarfe a ƙasa, ya zo neman zoben matar kansila da ya ɓata a tsakar gida. Zobe dai bai samu ba. Na'ura ta yi ta kuka a gindin katanga, aka tona, sai ga wani baƙin dutse mai nauyi, duk jikinsa ramuka.

Kafin la'asar gida ya cika. Wani ya ce gatarin aradu ne, kada a taɓa sai an zuba masa nono. Aka kuwa zuba har ƙwarya guda. Nu'uman ya gyara babbar riga, ya ce daga sama ya faɗo, ishara ce ga gidan ilimi.

Delu ta ratso maza da sandarta. Ta sunkuya ta ɗauki dutsen da hannu, nono na ɗiga, ta juya shi. Ga sawun gawayi nan kwance a jikinsa. Nan take ta gane shi, don tana yarinya irinsa take kwashewa a bakin murhun ubanta, nan cikin gidan.

"Wanga kashin tama ne," ta ce. "Dattin da ke saura in an narke ƙarhe."

Nu'uman ya matso, ya rage murya. "Gwaggo, don Allah, akwai baƙi hwa."

"To mi? Baƙin ba su noma da hauya? Ni ɗiyar Usman Maƙeri ce, kai kuma jikanshi. Ƙuri'a ba ta canza ma kaka."

Nu'uman ya yi dariyar yaƙe, ya ce tsufa ne ke damunta.

Nan fa ranta ya ɓaci sosai. Ta dubi Iro. "Malam, ɗauko abin naka ka biyo ni."

Ta wuce gaba har sabon falon kansila, jama'a na biye. Ta ƙirga taku bakwai daga ƙofa, ta nuna ƙarƙashin kujerar da yake karɓar gaisuwa a kai.

"Nan murhun Baba yake."

Iro ya miƙa na'ura. Na'urar ta ƙwala ƙara, ta ƙi yin shiru. Delu ta ji kewar ubanta, amma ba ta bar hawaye ya zubo a gabansu ba.

"Kar ka kashe ta," ta ce wa Iro. "Bar su su ji da kyau."