Harshen Sa a Kabarin Anibal

Eliseo yana kan tsani yana kwashe busasshen ganye daga indararo lokacin da wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Wata mata ta leƙo da waya a hannu.

"Baba, ɗan matsa don Allah. Bishiyar muke so mu ɗauka."

Ya matsa. Ta ɗauki hotonta, motar ta wuce.

Bishiyar sekoya ce, irin masu girman nan da ba su da iyaka. Anibal, mijin Otilia na farko, shi ya sayo ta a tukunya wata Kirsimeti, tsawonta bai kai gwiwa ba. Da aka gama biki ya dasa ta a gaban gida, taku kaɗan daga bango. Yanzu ta ɗara hasumiyar cocin unguwa, mutum uku ba sa zagaye gindinta da hannu, saiwarta ta tayar da daɓen ƙofa. Anibal ya daɗe a ƙasa, amma a wannan gefen na garin Osorno, daga direban tasi har mai kawo gas, kowa gidan Anibal yake cewa. Eliseo ya shekara shida da auren Otilia. Kowace Lahadi ita tana maƙabarta da furanni, shi yana nan da tsintsiya.

Abin da ya shigo da shi gidan bai wuce akwati ba, sai tukwanen gasteriya, wadda ake kira harshen sa saboda ganyenta mai kauri da ɗige-ɗige. Daga Ovalle ya taho da su, can arewa inda ruwan sama baƙo ne. Suna jere a bakin taga ƙarƙashin rufi. Babu wanda ya taɓa tsayar da mota saboda su.

Da ya sauko ya duba su kamar kullum. A gindin babbar, inda 'ya'ya ke tsirowa, akwai gurbi. An yanke ɗaya, yanka mai tsafta.

"Tsohuwa! Wa ya taɓa min shuka?"

Otilia tana kicin tana murza kwaɓin burodi. Ba ta ɗago ba. "Ƙila mage ce."

"Mage mai wuƙa?"

"To ka tambaye ta. Ka sha shayinka, ya huce."

Bai sha ba. Ya ɗauki hula ya hau bas zuwa kasuwar Rahue, inda Beto Huenchul ke sayar da itacen girki, yana kuma sare bishiya idan an kira shi.

"Ango! Angon tsufa!" in ji Beto daga kan tarin itace. "Yaya kishiyar taka? Ta ƙara tsawo?"

"Ita ta kawo ni. Yaushe za ka kayar min da ita?"

Beto ya sauko yana dariya. "Kayar da ita ina? Kan gidanka ko kan na maƙwabci? Wannan sai an hau an yi ta gutsura daga sama, da igiya. Kuma itacenta banza ne, mutumina, laushi kamar burodi. Ka sa a murhu, kafin ka juya ya zama toka."

"Ka gani! Girman banza. Ba inuwar zama, ba 'ya'yan ci, ta shanye rana, ta toshe indararo. Wane mai hankali ke dasa dutse a ƙofar gida? Ni shukata ta san iyakarta. Tukunya ɗaya ta ishe ta. Wata uku ba ruwa, ba ta kuka."

"Kamar mai ita," in ji Beto. "To amma ita waccan za ta binne jikokin jikokinmu. Taka kuwa sai an sunkuya ake ganinta."

Masu sayar da dankali a gefe suka kwashe da dariya. Eliseo bai yi ba.

"Madam Otilia ta yarda?" Beto ya tambaya. "Gidan nata ne. In ba ita ta ce min da bakinta ba, ba na tayar da zarto."

"Za ta ce. Yau za ta zaɓa, ko ni ko itace."

Yana fitowa bakin titi ya hango ta. Otilia ce, da baƙin mayafinta, tana hawa bas ɗin maƙabarta. Ta riƙe jaka a ƙirji da hannu biyu, kamar mai ɗauke da miya. Ranar Alhamis ce. Ashe Lahadi ma ta daina isar ta.

Ya hau bas na gaba.

Kabarin Anibal a jikin dogon bangon da aka jera kaburbura hawa-hawa yake, layi na uku daga ƙasa, da ɗan gurbi mai rufi a gaba inda ake ajiye furanni. Otilia tana tsaye kan bencin ƙarfe tana goge hotonsa da ke jikin kabarin. Ta fitar da kwalbar furanni ta ajiye a ƙasa. A wurinta ta sa gwangwanin madara, a cikinsa ɗan harshen sa, ganye huɗu.

"Ga magen," in ji Eliseo.

Ta juyo a hankali, tana dafa bango. "Bin sawuna kake yi yanzu, tsoho?"

"Gida nasa. Bishiya tasa. Lahadi tasa. Abu ɗaya nake da shi a gidan nan, shi ma kin yanko masa. Ko roƙo ba ki yi ba."

"Da na roƙa da ba ta kama ba. Wa bai san wannan ba? Shuka sai an sata. Uwarka ba ta gaya maka ba?"

"A Ovalle ma haka ake cewa. Amma daga maƙwabci ake sata, ba daga miji ba."

"Miji ne ke da ita." Ta miƙo hannu. "Sauko da ni, gwiwata."

Ya sauko da ita, don babu yadda zai yi. Ta zauna a bencin tana huci.

"Furanni kwana nawa suke yi a nan?" in ji ta. "Mako. Su ruɓe, su yi wari, matar ɗan'uwansa ta zo ta gani ta kai labari. Shi ya sa nake hawa tudun nan duk Lahadi. Kai kuma kullum kana cika min kunne, shukata wata uku ba ruwa, shukata ba ta son a dame ta. Na ce to, ga wadda za ta zauna da shi. Ni na gaji."

Wani mutum ya wuce da bokitin farar ƙasa.

"Wato ba za ki riƙa zuwa ba?"

"Ranar tunawa da matattu, da ranar da ya rasu. Ya isa. Shi kansa bai taɓa ziyartar kowa ba."

"Bishiyar fa?"

"Me ta yi? Na ce masa za ta girma, ya ce mai sayarwa ya rantse ta ado ce. Ni rabon da in ɗaga kai in dube ta har na manta. Kai ne kullum kake tsaye kana yi mata magana."

Ya so ya kawo zancen Beto, ya rasa ta inda zai fara. Maimakon haka ya hau bencin, ya ciro gwangwanin, ya tura yatsa a ƙasar. Baƙar ƙasa ce mai danƙo, jiƙe sharkaf. Ya juya gindin: babu huda ko ɗaya.

"A gindin bishiyar kika ɗebo wannan?"

"Ina kuma zan ɗebo?"

"Kafin wata ya ƙare ta ruɓe. Kuma yau kika yanka, ba a dasawa sai bakin ya bushe."

Idan ta ruɓe, kwalbar furanni za ta koma wurinta. Ya dubi hoton. Anibal yana murmushi da gashin baki, kamar wanda aka ba labarin tun jiya.

Eliseo ya zazzage ƙasar a gindin bango. Ya huda gwangwanin da makullin gida, ya je inda magina ke gyaran wani kabari ya cika shi da yashi da tsakuwa. Ya ɗora shukar a kai ba tare da ya binne ta ba, ya mayar da gwangwanin gurbin, ya juya shi yadda rana ba za ta buge shi ba.

"Kar ki zuba mata ruwa," in ji shi.

"Ba ni nan balle in zuba."

"Sai an dawo an duba ko ta yi saiwa."

Otilia ta naɗe jakarta. "Wa zai dawo?"

Ya karkaɗe yashi daga hannunsa.

"Lahadi da ƙarfe nawa suke buɗe ƙofa?"